Ni Na Ɗauko Littafin

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mama, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya maigida da yara? Mu nan Manchester lafiya lau.

Tun da council, wato ƙaramar hukuma, suka rage mana aiki na koma karatu, kamar zamanin da muke ɓoye littattafan soyayya a jakar makaranta. A laburare na samo labaran baƙaƙen Amurka, na aure da ɓatawa da shiryawa. Yaya, matansu sak matan unguwarmu! Ɗaya ya ɗauke min hankali har miyata ta ƙone. Na ba 'yata Rahila, ina ɗokin mu zauna mu yi hirarsa.

Ashe da ƙanwar babanta take hirar, Talatu ta Birmingham, kullum suna kan waya suna ta dariya. Jiya Talatun ta kira ni: "Maman Rahila, saurayin nan nata sak likitan cikin littafin, ko?"

Wane saurayi? Na daure na ce, "Sosai ma."

Talatu fa ko katin laburare ba ta da shi. Ni na ɗauko littafin, ni na haifi yarinyar, ni ce ta ƙarshen ji.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Mama, amma kada ki faɗa mata. Bari dai in riga wani sani.

Ƙanwarki,
Asabe