Jini a Kan Shanyar Shinkafa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don girman Allah a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, yau kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce min maƙogwaro.

Ni budurwa ce, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara bakwai, ya bar mana gida da gona da wata tsohuwar mota irin ta masu kuɗin da, doguwa, mai rufin tamfol da ake naɗewa baya a bar samanta a buɗe. Shekara da shekaru tana ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya. A cikinta na yi rabin ƙuruciyata, in kwanta ina kallon gajimare ta yagaggen tamfol, a nan ma na fara rubuta 'yan waƙoƙina.

Yayana bakanike ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar Baba, ya bar karatunsa don in yi nawa. Shekara uku da suka wuce ya ja motar zuwa garejinsa, ya yi rantsuwa sai ta tashi. Mutane suka yi ta masa dariya, wai ya sayar wa 'yan gwangwan ya huta. Bai kula su ba. Ya sauke injin, ya yi ta sintirin Kano neman kayanta, ya kankare tsatsa da hannunsa har fatar yatsunsa ta saɓule. Ya yi mata fenti ruwan madara, aka ɗinka kujeru da jar fata. Ranar da ya shigo da ita unguwa Inna kuka ta yi, ta ce ƙarar injin ma irin ta lokacin Baba ce. Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba, ina son motar nan. Idan tana tafiya sama a buɗe, iska na jan mayafina, duwatsun garinmu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai in ji kamar Baba ne ya dawo ya ɗauke ni yawo. Sai dai tun da ta tashi Yaya ya canza, ko yatsa aka ɗora mata sai ya yi faɗa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ya ce in shirya mu je Gwaram mu gaida Goggo, ta ga motar ƙaninta. Kun san yanzu kaka ce, manoma na shanya shinkafa a gefen kwalta, su jera duwatsu don kada mota ta hau. Kafin mu kai garin Sara ina ta ɗaukar bidiyon gonaki da wayata, sai ga babbar mota ta taho a guje, Yaya ya kauce mata, muka hau shanyar wani. Motarmu gajera ce, dutse ya daki ƙasanta, muka ji ƙara, baƙin mai ya fara tsiyaya.

Mai shanyar tsoho ne, siriri, da farin gemu. Ya taso daga inuwa, wallahi ko kallon shinkafarsa da muka watsa bai yi ba, motar yake kallo yana murmushi. Ya ɗora hannunsa mai ƙaiƙayi a kan fentin yana shafawa yana wata magana. Lokacin Yaya ya riga ya buɗe but ɗin bayan mota ya ɗauko ƙarfen kwance taya. Na ɗauka dutsen zai zaƙulo da shi. Sai kawai ya sauke wa tsohon nan a hannu, na ji ƙashi ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Tsohon ya durƙusa, Yaya ya ƙara masa a baki, ya bi shi da ƙafa yana zaginsa. Haƙoransa biyu na gani a cikin shinkafar, jini yana bin ƙwayoyin yana rina su. Ina ta kiran sunan Yaya, kamar ba ya jin Hausa.

Mutanen gona suka yo kanmu da sanduna da lauje. Yaya ya faɗa mota ya ja, suka bi mu da jifa. Mota ba rufi, ba inda zan ɓoye kaina, dutse ya fasa min goshi, wani ya tarwatsa gilashin gaba. Ba mu kai Gwaram ba, ta wata hanya muka zagayo gida, ɗinki huɗu aka yi min.

A gida Yaya ya ce su suka fara, wai da muka hau shanya bisa kuskure suka tare mu da jifa, tsohon ya ɗaga min sanda, shi kuma ya kare ni. Goshina ya zama shaidarsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya kalli ɗinkin ya tsine wa mutanen ƙauyen. Samarin unguwarmu har sun fara maganar cika mota a je a rama. Su ma 'ya'yan tsohon sun aiko cewa duk inda suka ga motar sai sun cinna mata wuta, da mai ita in yana ciki. Tsohon yana asibiti, an ce da wuya hannun ya ƙara riƙe fartanya.

Sai washegari na lura ashe wayata ba ta daina ɗauka ba, komai ya fito. Na sa a kunne na saurari abin da tsohon yake faɗa kafin ƙarfen ya sauka. Cewa ya yi, "Ikon Allah, ashe tana nan. Yaro, motar Alhaji ce ko? A cikinta aka kai iyalina haihu..." Nan maganar ta yanke.

Na tambayi Inna, ba tare da na faɗi dalili ba, wani baƙin tabo da na tashi ina gani a tsohuwar kujerar baya. Ta ce wata damina Baba ya tsinci wani manomi a hanyar Gwaram da matarsa tana naƙuda, ya kawo su asibiti, jini ya ɓata kujerar, da aka ce ya canza ta sai ya ce a bar ta, ladansa ce. Ban sani ba ko ɗan da aka haifa ranar yana cikin masu rantsuwar ƙona ta yanzu.

Na nuna wa Yaya bidiyon ina tsammanin zuciyarsa za ta karye. Ya kalla har ƙarshe, idonsa ya yi ja, ya murɗe min hannu ya ƙwace wayar ya buga ta da bango. Tunda nake bai taɓa ko ɗaga min yatsa ba sai ranar. Ya ce in na buɗe baki ɗauri za a yi masa, in je in nemi wani yayan. Bai san na riga na tura wa ƙawata ba. Da na faɗa wa Inna gaskiya sai ta ce, "Shi ne ubanki yanzu. Ki rufa masa asiri, Allah ya rufa naki."

Ranar Alhamis dagatai biyu za su zauna sulhu, kuma ni kaɗai ce shaidar da ke cikin motar. An ce ɓangaren tsohon za su nemi in dafa Alƙur'ani. In na bi maganar Yaya, na yi rantsuwar ƙarya, na mayar da mutumin da ya zo gaida motar Babana azzalumi, kuma samarinmu sun samu hujjar zuwa ramuwa. In na faɗi gaskiya, na miƙa wanda ya raine ni da hannuna, ban kuma san ko Inna za ta ƙara kallona da idon rahama ba.

Motar tana nan ƙarƙashin tsamiya an lulluɓe ta da zane. Jiya na ɗaga zanen, shatin yatsun tsohon yana nan a kan fentin, ƙaiƙayi ya manne, ba wanda ya goge. 'Yan uwa, ku da kuka fi ni shekaru da sanin addini, in an miƙo min Alƙur'ani ranar Alhamis, me zan ce?