Katunan Malam Sammani

Litinin, 17 ga Mayu, 1999
Kwali huɗu na littattafai suka iso laburare yau, kyauta daga waje. Duk a kan karayar tattalin arzikin duniya: ta Amurka a 1929, ta Mekziko, ta ƙasashen Asiya da aka yi bara waccan. Ni kaɗai ce a sashen katalog, ni zan ba kowanne take da lamba.

Alhamis, 20 ga Mayu
Na gama sittin. Yatsuna sun yi tsami da tafireta.

Asabar, 29 ga Mayu
Soja sun miƙa mulki. Mijina Mahmud ya wuni manne da rediyo. Ni dai wanki na yi.

Laraba, 2 ga Yuni
Wani dattijo ya zo, Babaji. Shekara goma sha tara yana aikin masaƙa a Kaduna kafin a rufe ta. Yana karanta Turanci sarai. Ya ce, "Malama, littafin da zai faɗa mani mi ya sa aka sallame mu nike nema." Na nuna masa durowar katuna. Ya fi rabin awa yana bincike. Littattafan na kan kanta, taku biyar daga inda yake tsaye, amma ba take ɗaya da ya yi kama da tambayarsa. Kafin in sallami wata ɗaliba ya tafi.

Da katunan Malam Sammani na nan, da ya samu. Shi ya koya mini aikin nan. Yakan ƙara nasa katin da Hausa: "Sallamar ma'aikata, duba kaza." "Tsadar hatsi, duba kaza." Da na dawo daga kwas, shekara uku ke nan, na ce a gaban shugaban laburare wannan ba ƙa'ida ba ce, abin kunya ne idan baƙi suka gani. Aka mayar da Malam ɗakin jaridu, daga nan sai ritaya. Katunan kuwa da hannuna na zuba su a shara.

Juma'a, 4 ga Yuni
Babaji bai dawo ba.

Lahadi, 13 ga Yuni
Na je gidan Malam a Ƙofar Marusa. Sau biyu na wuce ƙofar kafin na yi sallama. Matarsa Hajo ta yi mini iso. Ya rame, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Da muryata ya gane ni. "Safara'u ce? Ɗiyata, ina gajiya, ina maigidan?" Mun daɗe muna gaisawa. Maganar da na shirya tun daga gida ta ƙi fitowa. Sai na ba shi labarin Babaji. Ya ce, "Karanto mani sunayen littattafan." Guda shida na iya tunawa. A kan kowanne, ya faɗi abin da mutumin gari zai nema da bakinsa. Na rubuta a bayan takardar asibitinsa.

Ban ba shi haƙuri ba. Shi ma bai nema ba.

Asabar, 26 ga Yuni
Zuwana na uku. Yau ba mu taɓa zancen littafi ba, labarin shekarunsa a Batagarawa ya yi ta ba ni har la'asar. Mahmud ya tambayi abin da ke kai ni kowane mako. Na ce aiki ne.