Fuskar Auta

Litinin, 3 ga Maris

Na koma aiki shagon hoto. Mai shago ya ce in ƙara hutawa. Na ce masa sai wanda ya ji gajiya yake hutawa, ni ba na jin komai. Kyamarar ƙanena Auta na rataye inda ya bar ta kafin ya rasu. Kowa na kewaye ta kamar rami.

Talata, 4 ga Maris

Matar Auta ta zo da jaririya a kafaɗa. Tana son hoton mijinta a bango kafin yarinyar ta yi baki ta fara tambaya.

Ƙanena ya ɗauki hoton rabin garin nan, shi ba shi da ko ɗaya. Da an nuna masa kyamara sai ya sa tafin hannu. Na katin shaida ba ya cikin lissafi, kamar ɓarawon da aka kama. Wayarsa ta farfashe tare da shi a kan babur. Saura guda ɗaya, wanda matar ta ɗauka a falona ranar da na yi masa ganin ƙarshe. Ya juya kai, fuskar ta yi dishi-dishi kamar an shafe ta da yatsa.

"Yaya, ke ce gwana. Idonsa kawai za ki fito min da shi."

Kawai.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗora hoton a kwamfuta, kafin komai na yanke gefen hagu ba tare da na duba ba. Na san ni ce a wurin, bakin ƙofar kicin, ina yi masa faɗan hular kwano. Ya ce, "Yaya, wannan kan ko guduma sai ta ba da haƙuri." Na ce, "Je ka, wawa." Ya tafi.

Sauran aikin ko ido rufe zan yi. Na kwafi hoton a leya ta biyu, falle a kan falle. Na tace ta sama har ta koma toka-toka, ba abin da ya rage sai gefen abubuwa. Na narkar da ita cikin ta ƙasa. Gefe mai haske ya ƙara haske, mai duhu ya ƙara duhu, ido ya ɗauka kaifi ne. Yaudara ce mai ladabi, da ita nake cin abinci.

Labule ya fito zare-zare. Littattafaina da ke bayansa har sunayensu ana karantawa. Wayar ta kama bango ta bar mutum. Fuskar ba ta da gefen da za a ƙara wa komai.

Na ƙara ƙarfi. Wani farin zobe ya kewaye kansa kamar waliyyi. Waliyyin da ba ya jin magana.

Juma'a, 7 ga Maris

Leya a kan leya. Ba ido.

Asabar, 8 ga Maris

Mai shago ya ɗauki hoton a bayan idona ya ba manhajar nan mai ƙirƙiro fuska. Kafin a tafasa ruwa ta haifo wani kyakkyawan saurayi, haƙora jere kamar tallan man goge baki. Auta da wushirya ya zo duniya.

Mai shago ya ce min, "Hajiya, yarinyar ai ba za ta gane ba."

Na ce shi ya sa.

Matar ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Ya yi kyau." Can ta ce, "Ko shi za a buga? Aƙalla yana da ido." Ban yi mata ihu ba. Na ce ta ba ni zuwa Laraba.

Litinin, 10 ga Maris

Na ce bari in faro daga tushe, na janye yankan. Gefen hagu ya dawo, leyar kaifi na kunne a kansa.

Ashe ba bango kaɗai wayar ta kama ba. Ni ce, tar, har furfurar da ta leƙo ta gaban ɗankwali. Hular kwanon na hannuna. Bakina a buɗe.

Dariya nake yi. Har da riƙe ciki.

Na kashe leyar, na kunna, na kashe. Dariyar na nan. Wannan ba aikina ba ne, kaifi ba ya ƙirƙiro abin da babu. Ni na faɗa da bakina.

Laraba, 12 ga Maris

Na rage ƙarfin leyar, na goge ta daga fuskarsa, na bar shi yadda wayar ta same shi. Na nuna wa matar duka hoton, ba yanka.

"Ba zan iya ba ki idonsa ba. Ga dai inda yake kallo."

Ta sa yatsa a gilashin kwamfuta, abin da na hana kowa. Ta ɗago jaririyar.

"Ga Baba, ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ga Gwaggo mai faɗa."

"Wa ke faɗa a nan?" na ce.

Ta ce a buga wannan.

An buga biyu, ɗaya na wajena. Na gaya wa mai shago injin ne ya yi kuskure. Batirin kyamarar ma na sa a caji, don kada ya lalace ne kawai.