Ganyen Gwaibar Gidanmu

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci, ta kwantar da hankalinta.

Aiki lafiya lau. Har yanzu ina shagon matar nan mai haɗa ƙyallaye ta ɗinke, a rataye a bango. Muna shafa wa farin yadi ruwan magani, mu ɗora ganye, mu shanya a rana. Idan aka wanke, yadin ya koma shuɗi, gurbin ganyen ya fito fari tas. Mu biyu ne kawai, ita kuma ba mai magana ba ce, sai ƙarar keken ɗinki har yamma. Na dai saba.

Makon jiya na tsinci busasshen ganyen gwaibarmu a aljihun akwatina. Na ɗora shi a yadi, gurbinsa ya fito har da hudar da tsutsa ta yi masa. Ina ɗaga ganyen ya marmashe a hannuna. Matar ta tambaya ko mura nake yi, na ce mata e.

Na ji Baba zai sare bishiyar a gina ɗaki. Don Allah, Yaya, ki tsinko min ganye ko biyar ne, ki danne su cikin littafi, ki aiko. Idan kuma an riga an sare, kada ki gaya min. Ki ce kin manta.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta