Abin da ya sami Duna

Gidan Dare, Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Abdulrazak,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Maimunat da yara can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdulillahi, sai zafin bazara, ko bango ba a iya jingina da shi. Baba yana nan, idanun dai sun ƙara dushewa, yanzu da murya yake gane mutum. Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Ka san kunnen Baba, ko raɗa na yi a ɗaki sai ya ji.

Maganar Duna ce, ɗan kwikwiyon da ka kawo don gadin tumaki. Ka tuna yadda Baba ya ce kada ya kuskura ya tako masa zaure? To, tun rasuwar Inna ban ga abin da ya sa tsohon nan dariya ba sai ɗan baƙin nan. Kullum sai ya rage masa lomar tuwo a gefen kwano, yana yi masa faɗa kamar jika. Da muka ga cikinsa ya kumbura, ga rama, na kai shi wurin likitan dabbobi, ya ba shi maganin tsutsa. Ya ce kada mu tsorata in ya yi zawo kwana ɗaya ko biyu, ko muka ga tsutsa a kashinsa, aikin maganin ke nan. Abin da ya ja mini kunne a kai shi ne kada ruwa ya yanke masa, in kuma ya ƙi ci ko aka ga jini a komo da shi.

Haka kuwa aka yi. Washegari zawon ya zo da tsutsotsi farare, sai tsautsayi ya sa ya saki a gefen buzun sallar Baba. Baba bai ɗaga murya ba, ya ce a wanke, dabba ce marar lafiya. Amma ka san Gwaggo Kande da sha'anin tsarki. Ta wanke zauren har ta gaji, tana cewa mun mayar da gidan malamai gidan mafarauta. A ranar kuma ƙanwarmu Sumayya ta haihu a Ƙofar Kware, na tafi na kwana biyu wurinta. Kafin in fita na cika wa Duna kasko da ruwa, na maimaita wa Gwaggo maganar likita, ta ce ta ji.

Ashe ina ba da baya ta ɗaure shi a kangon bayan gida, inda ko inuwa babu. Ta ɗauke kaskon, wai ruwa ne ke ƙara zawo, a bar cikin ya bushe, haka suke yi tun suna yara. Da Baba ya tambaya, ta ce an mayar da shi wurin likita. Da na dawo na same shi kwance a jikin turke, harshe waje, ya haƙe ƙasar da ke kewaye da shi. Na ɗiga masa ruwa a baki, ya kasa haɗiyewa. Kafin in samu mai keken da zai kai mu wurin likita, ya cika a hannuna. Wallahi Yaya raina ya ɓaci, har yau ban iya kallon Gwaggo ido da ido ba. Ita ma ta yi kuka, ta ce gyara ta yi nufi, na kuma san gaskiya ta faɗa. Na binne shi a nan kangon.

Baba bai sani ba. Na tashi in faɗa masa ya fi a ƙirga, bakina ya ƙi buɗuwa. Don Allah ka kira shi ka sanar da shi da kanka, maganarka ta fi kwantar masa da rai.

Ka gaishe da Maimunat, da Fiddausi da Aminullahi. Sumayya da jaririyarta suna gaishe ku. Baba ma yana gaishe ka. Ya ce in gaya maka kada ka damu, Duna yana wurin likita, kuma in ya dawo a shigo da shi zaure, ya yafe masa buzun.

Ƙanwarka,
Sadiyatu