Maƙogwaron Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da shago. Na rubuto ne don waya ta gagare ni. An cire min tsokokin nan biyu da suke kumbura a maƙogwaro. Likita ya ce yaro kan warke da wuri, amma babba jini kan ɓalle masa, musamman lokacin da ɓawon ciwon zai faɗi. Ya hana ni ɗaga murya.

To ni da Baba fa? Kin san kunnensa, kin san mantuwarsa. Fuskata ta ɓace masa, da murya kawai yake gane ni, ita ma sai na ƙwala. Jiya na miƙa masa shayi shiru, ya ture, wai shi ba ya karɓar abin hannun baƙuwa. Don Allah ki zo.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Ina amsawa. Ashe akwai ranar da bakinki zai huta! Ɗinkin makaranta ya sha min kai, sai ƙarshen wata. Baba kuwa yunwa za ta sasanta ku. Ki sha ruwan sanyi, ki daina mayar da allura garma. Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Yunwar ba ta sasanta mu ba. Ya ƙi abinci, ya ƙi magani, yana bin ɗakuna yana kiran sunana, ni kuma ina biye da shi riƙe da kofi. Ɗazu da hantsi ya zare sakata ya doshi titi. Na ja rigarsa, ya fizge. Ga motoci. Sai na ƙwala: "Baba!" Ya juyo yana murmushi, ya ce, "Auta, ina kika shiga?"

Tun daga nan nake jin ɗanɗanon ƙarfe a bakina, ina ta haɗiya. Na tofa a tsumma, ja wur. Maƙwabciyarmu ta tafi neman motar da za ta kai ni asibiti, mijinta zai zauna da Baba. Tsoro nake ji, Yaya. Idan na daɗe, maganinsa yana saman firji.

Auta

Autata,

Sannu. Na rufe shago na taho. Nas ta ce sun ƙona wurin, jinin ya tsaya, an ƙara miki jini leda biyu. Na tarar kina barci, shi ya sa na bar wannan a gefen filo. Kunyarki nake ji, ki yafe min.

Baba ya ci abinci. Na zauna kusa da kunnensa na ƙwala masa kira yadda kike yi. Sai ya kama hannuna ya ce, "Ke, yi a hankali. Auta ba ta da lafiya, wuyanta ke ciwo."

Ki kwanta ki yi shiru abinki. Ina nan.

Yayarki