Wanda Inna Ta Aiko

Mararaba

Yaya Maimunat,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya jikin Inna? Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a hannun direban Funtuwa. Na kashe wayata ne, don ko na sake layi sai ya samo lambar.

Sunansa Badaru. A motar Kubwa muka haɗu, ya ce yana sona, na ba shi haƙuri. Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. In fito ofis a Garki, yana tsallaken titi. In sauka daga mota, yana bayana. Ba zagi, ba faɗa, murmushi kawai yake yi, kuma murmushin ne ya hana ni cin abinci. Yaya, tsoro nake ji.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Wanda ke kan kanta ya ce, "Madam, ya taɓa ki? Ya fasa ƙofa? To ina kes a nan?" Suka kira shi, suka zaunar da mu a benci ɗaya, gwiwarsa tana gogar tawa. Ogansu ya yi mana sulhu kamar mata da miji, ya ce masa, "In da gaske kake, ka bi ta gidan iyayenta." Har hannu suka ba shi da zai fita.

Na bar Kubwa, na koma ɗakin Naomi, abokiyar aikina, a nan Mararaba. Don Allah kada Inna ta ji, kin san hawan jininta.

Ƙanwarki,
Rahmatu

Funtuwa

Rahmatu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ban da ni da na karanta wasiƙarki raina ya ɓaci. Benci ɗaya? Da ina wurin da ogan nan ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Na tambayi ƙanwar maigidana, lauya ce. Ta ce a Abuja bibiyar mutum laifi ne a doka, ko ba a taɓa shi ba, kuma kotu tana iya ba da umarnin ya nisance ki. Ki nemi lauya ki shigar da ƙara, ki daina wannan kunyar taki.

Inna ta matsa da tambaya. Na ce wayarki ce ta lalace, kin kuma sauya gida, na kwatanta mata wurin don hankalinta ya kwanta. Ban ƙara ko kalma ba.

Allah Ya tsare min ke.

Yayarki,
Maimunat

Funtuwa

Autata,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ashe ɓoye mini kike yi? Wani yaro mai hankali, Badaru, ya zo gaishe ni da goro da sabulu. Har ƙasa ya durƙusa, na yi na yi ya hau kujera ya ƙi. Ya ce hukuma ce ma ta ba shi shawarar ya biyo ta gida. Ni dai na yaba.

Tunda Abujar zai koma, ban bar shi ya tafi hannu sake ba. Na ba shi daddawa da kuka da man shanu ya kawo miki, da wannan takarda. Ya ce ya manta kwatancen sabon gidanki, na tuna masa. Ki ba shi ruwa, ki sake masa fuska, ki kuma aiko shi da amsa.

Allah Ya yi miki albarka.

Innarki

Mararaba

Yaya,

Salam. Ga wasiƙar Inna nan na haɗo miki, ki karanta. Da na dawo aiki a tsakar gida na sami Badaru, maƙwabta sun ba shi kujera saboda ɗan aiken uwa ne. Na karɓi takardar, na shige ɗaki.

Naomi ta raka ni wurin 'yan sandan nan unguwar. Suka duba rubutun Inna, suka ce, "Mutumin da mamanki ta aiko? Wannan maganar gida ne, madam." Lauya ta shigar da ƙara, amma ba a sa rana ba tukuna.

Yanzu haka yana zaune wurin mai shayin ƙofar gida, ya ce ba zai tashi ba sai na ba shi amsar da zai kai wa Inna.

Ki yi mini addu'a.

Rahmatu